Kwamin Iyon Hajiya Dija

Matasan da ke zuwa koyon aiki wurina yanzu, kusan kowannensu da waya a hannu yake zuwa. Sai ya nuna mini hoton wani gida, ga ruwa shuɗi kwance a bayansa, ya ce ai wannan ba wuya, rami ne kawai a liƙa masa tayil. A da faɗa nake yi musu, domin ina da saurin fushi, Allah ya yafe mini. Yanzu sai in ce su nemi wuri su zauna. Wannan da nake rubutawa ma dominsu ne, kuma a yi haƙuri da rubutun, karatuna bai wuce allo da firamare ba.

Sunana Mamman, a Saulawa ta ƙasar Ikara aka haife ni. Kakana Babarbare ne, fatauci ya kawo shi ya zauna. Sana'ata gini, amma ba ginin ɗaki ba. Abin da zai riƙe ruwa nake ginawa: kwamin shayar da shanu, tankin ƙasa, kwamin kiwon kifi, sai kuma a 'yan shekarun nan kwamin iyo a bayan gidajen masu hali. Bangon ɗaki in ka yi masa ha'inci zai iya rufa maka asiri shekara da shekaru. Ruwa ba ya yin haka. Ko hudar allura ka bari sai ya nemo ta, kuma a gaban mai gida zai nuna.

Aikin farko da na sa wa hannu kwamin shanu ne a Ikara, ƙarƙashin maigidana Malam Audu mai rijiya, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa cokalin gini ba, aikina tankaɗe yashi da ba wa kankare ruwa safe da yamma. Yashi kuwa ba ya karɓa sai ya zuba shi a kwalba da ruwa ya girgiza. In laka ta kwanta a sama da kauri, mai tifa ya koma da abinsa. Da aka gama kwamin aka cika shi, sai ya ajiye bokiti cike da ruwa a gefe, ya ja layi da gawayi a jikin kwamin, ya ja wani a jikin bokitin. Na tambaye shi amfanin bokitin. Ya ce rana ma tana shan ruwa. In na kwami ya sauka daidai da na bokiti, rana ce ta sha. In ya fi shi sauka, mu ne. Har yau ba na miƙa wa kowa aiki sai bokitin nan ya yi mini shaida.

Kayan aikina ba su da yawa. Diga, cebur, cokali, katakon shafe, igiya da turaku, sai wani siririn tiyo da nake cika wa ruwa in gane ko gefe ya fi gefe tudu. Yaran yanzu suna da na'urar da ke fitar da jan haske, kuma tana da kyau, ban kushe ta ba. Sai dai tiyona bai taɓa cewa cajinsa ya ƙare ba.

Wani kwamin kifi a fadamar Kudan shi ya jawo mini shekarar da ba na mantawa. Da rani na gina shi, ƙasa a bushe, ban tsaya tambayar inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina ba, domin ina gaggawar tafiya wani aikin. Cikin tsakiyar damina mai shi ya kwashe kifinsa ya zubar da ruwan kaf don ya wanke. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya samu abu marar nauyi a kansa, ya ɗago shi kamar kwalekwale. Da na je na tarar da kwami ya karkace, gefe guda ya fito sama, tsaga ta ratsa shi. Labari ya zaga kasuwanni kafin in dawo gida. A ranin da ya biyo baya babu wanda ya kira ni ko da gyaran makwarara ne. Na tafi Makarfi na shiga aikin mazarƙwaila, ina tura rake cikin inji, ina juya tukunya, hayaƙi yana cin idona. A nan na san Alhaji Bello, mai injin, wanda kuma yake fataucin shanu. Shi ya fara ba ni aikin ruwa bayan kowa ya guje ni.

Saboda haka da ya kira ni bayan shekaru ya ce yana son kwamin iyo a bayan gidansa na Makarfi, ban tsaya ciniki ba. Sai da na je na ji ashe ba don kansa ba ne, don mahaifiyarsa ne, Hajiya Dija. Bafillatana ce daga wata ruga kusa da Gazara, ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa da tsufa ya kama ta. Gwiwoyinta ne suka ƙi. Ta daɗe tana salla a kan kujerar roba, kuma Alhaji ya ce ba zafin ciwon ne ya fi damunta ba, goshinta ne da ya daɗe bai taɓa ƙasa ba. A lokacin tana Zariya wurin 'yarta Binta ana yi mata gashi a asibiti. Likitar da ke duba ta ta ce da za ta samu ruwa mai kai mata ƙirji, ta riƙa tafiya a ciki tana riƙe da wani abu, nauyin jiki zai sauka daga gwiwoyin, su samu su motsa su yi ƙarfi. Alhaji yana so a gama kafin ta dawo, kuma kada a gaya mata, ta zo ta gani kawai ta yi murna.

Ina da wani hali da har yanzu nake fama da shi. Mai biyan kuɗin aiki nake tambaya, ba mai amfani da aikin ba. Na ce wa Alhaji to.

Abu na farko a kwamin iyo shi ne wuri. Alhaji yana son gindin mangwaro saboda inuwa, na hana. Saiwa tana fasa kankare, ganye yana ruɓewa a ruwa, kuma ruwan da rana ba ta gani sanyi gare shi, tsohuwar gwiwa ba ta son sanyi. Na haƙa ɗan rami na gwaji, na tambayi maƙwabta inda ruwan rijiyarsu yake tsayawa da damina, domin Kudan ta koya mini. Wurin da ya rage mai kyau wani dogon fili ne a jikin katanga, ya miƙe daga kudu zuwa arewa. Na zauna na yi tunani irin nawa. Tsohuwa za ta yi tafiya a ruwa tana riƙe da ƙarfe, to gara hanyar ta zama siririya yadda za ta kama dama da hagu. A samanta kuma a yi faffaɗan dakali kewaye, inda za ta zauna ta huta. Wato babban rami marar zurfi, sannan siririn rami mai zurfi a tsakiyarsa. Na zana wa Alhaji a ƙasa, ya ce wannan basira sai ni. Na ji daɗi ƙwarai.

Saura zurfi. Dole in san tsawonta da inda ƙirjinta ya tsaya. Alhaji ya buga wa Binta waya. Binta ba ta da tef ɗin awo, sai ta samo kara, ta lallaɓa lokacin da tsohuwar ke kishingiɗe, ta gwada ta daga kai zuwa ƙafa, ta karya daidai, ta yi tsaga a saitin ƙirji. Aka ba direban motar haya ya kawo mana.

Haƙa kuwa Ilu na kira, mutumin Gazara. Duk ƙasar nan ban san mai diga irinsa ba, bangon raminsa kamar an yanka da wuƙa. Dattijo ne marar magana, yakan yini bai ce uffan ba. Abin da kowa ya sani, ni ma na sani, amma bai zo mini a rai ba, shi ne duk wanda ya rasu a Gazara da kewayenta Ilu da mutanensa ne ke haƙa masa kabari, don Allah, ba ko sisi. Da na miƙa masa karan na nuna masa zanen, ya daɗe yana kallona, sannan ya tofa yawu a tafinsa ya ɗauki diga. Daga baya ya gaya mini ya so ya yi magana, sai ya ga ai mutanen gari sun san abin da suke yi.

Haƙa ta yi kyau. Jar ƙasa muka tara a gefe guda. Na sa aka jera katakai a kan siririn ramin don masu aiki su riƙa tsallakawa. Muna cikin haka, wata ranar bayan la'asar, sai ga mota a ƙofar gida. Hajiya ta gaji da Zariya, ta ce a mayar da ita, ba wanda ya iya hana ta. Tana shiga gida ta hango tulin jar ƙasa ta ƙofar baya, ta ce a kai ta ta gani. Binta da matar Alhaji suka riƙo ta, Alhaji yana biye yana murmushi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, fara, mai kaifin ido. Ta tsaya a bakin ramin. Ilu yana ciki, kansa kawai ake gani.

"Ilu, kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Sannu da aiki. Wa ya rasu?"

Alhaji ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta tambaye shi ina gabas, ya nuna mata. Ta gyaɗa kai ta bi ramin da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Kudu da arewa," in ji ta. "Ga uwa, ga ɗa a tsakiya. Ga itace an jera. Ga Ilu. Ga kuma karan da Binta ta gwada ni da shi tana tsammanin barci nake. Bello, saura likkafani da liman, ko su ma suna hanya?"

Sai a lokacin na kalli aikina da idon da ya kamata. Duk wanda ya taɓa raka gawa a ƙasar nan ya san yadda ake yi: a gwada mamaci da kara, a haƙa babban rami, wato uwa, kudu da arewa, a haƙa siriri, wato ɗa, a cikinsa, a jera itace a rufe. Ban bar ko ɗaya ba. Na raka gawa ba adadi, amma ina ta murnar basirata ban gani ba. Ilu ya sunkuyar da kai cikin ramin har hularsa ta ɓace.

Ta tambayi wanda ya tsara. Alhaji ya nuna ni, ya ce Mamman ne, na Saulawa, jikan Babarbaren nan. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce shi ya sa, an ba bawa aiki ya samu hanyar rabuwa da uwar gijiyarsa. Matan suka so yin dariya, amma fuskarta ba ta wasa ba ce. Ta ce a haɗa mata kayanta, gobe za ta koma Gazara wurin ƙanenta, ba za ta zauna a gidan da ake jiranta ba.

Alhaji ya fito zaure ya same ni. Ya ce in sa a mayar da ƙasar a rufe. Na san in aka rufe, magana ta ƙare. Mace mai shekarunta ba za ta je wani otal ta shiga ruwa a gaban mutane ba, a Gazara kuma babu abin da ke jiranta sai wata kujerar robar. Na roƙe shi ya bar ni in gaishe ta kafin a taɓa ƙasar.

Da safe aka yi mini iso. Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofarta. Na gaishe ta da kwana, da gajiyar hanya, da jiki, da mutanen Zariya, tana amsawa a taƙaice tana dama fura a ƙwarya. Kayanta a ɗaure a gefe. Na ce na zo neman gafara, laifin nawa ne, Alhaji alheri ya nufa, Ilu kuma abin da aka sa shi ya yi. Ta bar ni a durƙushe har ƙafafuna suka yi tsami. Ta ce in ji yadda gwiwa take, ko na rage rawar kai. Da na ga ta ɗan sake, sai na yi tambayar da ya kamata in yi tun kafin in kafa turke.

"Ranki ya daɗe, kin taɓa shiga ruwa?"

Ta ajiye ludayi. Ta ce ita da ta ƙetare rafi a cike tana riƙe da wutsiyar bijimi, tun uwata ba ta san za ta haife ni ba? Daga nan baki ya buɗe. Ta ba ni labarin mashayar da suke kai shanu tana budurwa, yadda ake shiga a hankali, ruwa ya kama idon sawu, ya kama ƙwauri, ya kama gwiwa, yashi yana shiga tsakanin yatsu. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ruwan da Allah ya ajiye da kusurwa huɗu ba, kuma ba ta taɓa ganin saniya ta sauka ruwa ta matakala ba. Na ce da za a yi mata nata, yaya take so ya zama? Ta ɗaga ƙwaryar furar ta nuna mini cikinta.

Ta kafa sharuɗɗa. Ba kusurwa. Jar ƙasar nan a fitar da ita daga gidan yau. Kada wanda ya ƙara kusantarta da kara ko igiya. Na ce Ilu fa, in sallame shi? Ta ce a'a, Ilu ba shi da laifi, hannunsa abin da ya saba ya yi. Amma masu haƙa kabari shiru suke aiki, don haka muddin yana cikin ramin nan ya riƙa waƙa, yadda daga ɗaki za ta san ba nata ake haƙawa ba.

Da na kai wa Ilu saƙon ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa waƙa ba. Ya zo da rediyo washegari, ta aiko a ce masa bakinsa ta ce. Haka dattijon nan ya buɗe murya da wata waƙar noma da ya tuna rabinta. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano. Kajin gidan suka watse. Leburori suka zube ƙasa don dariya. In ya gaji ya yi shiru, sai ka ji murya daga cikin gida tana cewa Ilu, na ji shiru. Sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Aka kwance kayan Hajiya.

Kwami mai da'ira ya fi mai kusurwa wuya nesa ba kusa ba, wannan nake so masu waya su sani. Na kafa turke a tsakiya, na ɗaura igiya na zaga, da'irar ta haɗiye tsohon ramin gaba ɗaya, sai da muka ci wani ɓangare na lambun matar Alhaji. Bulo ba ya son lanƙwasa, don haka zubin kankare muka yi. Muka lanƙwasa rodi ɗaya bayan ɗaya, muka yi allon zubi da kwanon rufi muka tokare shi da katako. Kafin nan na shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, na binne bututu mai huda-huda ya tafi wata 'yar rijiya a gefe, domin in ruwan damina ya taso ya samu hanyar fita, kada ya ɗaga kwamin. Daɓe da bango zubi ɗaya muka yi musu ba tsayawa, saboda duk inda sabon kankare ya haɗu da busasshe, nan ruwa yake fara nema. Ranar zubi ba wanda ya zauna, salla ma bi da bi muka yi ta.

Hajiya ta sa aka kai mata kujerarta gindin mangwaro, daga nan take duba aiki. Zurfin ma ita ta ba ni. Ta dafa bango ta miƙe, ta karɓi gawayi ta ja layi a saitin ƙirjinta da hannunta, ta ce in auna bango, bango ba ya mutuwa. Matakala ba mu yi ba, gangare muka yi mai sauƙi daga saitin ƙofarta, kamar mashaya. Alhaji ya riga ya sayo shuɗin tayil mai sheƙi, yana so a shimfiɗa ko'ina. Na ce santsi zai kayar da ita. Ita kuma ta ce tana son ta ji ƙasa a tafin ƙafarta. Aka raba: bango ya samu tayil ɗin Alhaji, daɓe kuma na bi shi da ƙananan tsakuwar rafi masu laushi. Na zagaye ciki da bututun ƙarfe wanda ba ya tsatsa don ta riƙa kamawa. Ta ce ashe dai shingen garke na yi mata, to ba laifi, ta saba.

Akwai abubuwan da ita ta gani ni ban gani ba. Ta nuna mini rumbun maƙwabci, ta ce duk wanda ya hau ɗiban hatsi zai ga cikin ruwan nan, aka ƙara wa katanga tsawo ta wannan gefen. Ta ce jikokinta ba su da tsoro, aka yi wa wurin ƙofar ƙarfe da sakata can sama inda sai babba zai kai. Ta tambayi inda ruwan zai je in an sauya shi, na ce kwata. Ta ce a ƙasar da mutane ke sayen ruwa a jarka? Aka ja bututu zuwa sauran lambun, aka dasa ayaba da zogale, matar Alhaji ta huce. Ni kuma na dage a kan nawa: injin sola da zai riƙa juya ruwan ta cikin matatar yashi, da maganin ruwa daidai gwargwado, in ba haka ba sauro za mu gina wa gida. Da ta shinshina ruwan ta ji warin maganin, ta ce wannan na iyo ne, alwala kuwa butarta tana nan.

Kullum da hantsi sai ta aiko mana da fura da nono, ta ce a ba bayi su sha kada su mutu a gidan ɗanta. Ni kuma in aika a ce mata Fulani sun ji daɗi, ga shi har ubangidansu yana gina musu wurin wanka. Da aka cika kwamin na ajiye bokitina na ja layuka, ta tambayi dalili. Da na gaya mata ta ce a bar mata gadin. Ita ta riƙa aikawa a duba, ita ta aiko mini cewa rana ce kawai ke sha.

Ranar da za ta fara shiga, ban gani ba, kuma bai kamata in gani ba. Ni da Alhaji muna zaure bayan azahar, lokacin da rana ta gasa ruwan. Alhaji yana ta jan carbi da sauri. Muka ji an buɗe sakata. Can sai muryarta ta taso tana yi wa Binta faɗa, wai ta sake mata hannu, ita ba jaririya ba ce. Sai dariyar mata ta cika gidan, wata ta rangaɗa guɗa. Alhaji ya tashi ya rungume ni da ƙurar siminti da komai. Matarsa ta gaya masa daga baya cewa da zanenta da rigarta ta shiga, ta zaga tana riƙe da ƙarfen, a zagaye na gaba ta saki hannu ɗaya, da ƙyar aka fito da ita. Ba a daɗe ba tsofaffin unguwa suka fara zuwa gaishe ta da jiki, kowace da wani zanen a naɗe a hammata.

Bayan damina ta wuce na koma duba 'yar rijiyar nan da injin. Kwami yana zaune daram, ko gezau. Ina tattara kayana aka ce Hajiya tana kira. Na tarar da ita a tsakar gida ta idar da la'asar, zaune a kan buzu, kujerar robar tana can gefe an ɗora mata tsaba tana shan iska. Ba wai ta warke sarai ba ne, sandarta tana kusa, kuma in za ta tashi sai ta dafa bango. Na durƙusa na fara gaisuwa, ta katse ni.

"Babarbare, matso ka gani."

Ta ɗan ja mayafinta baya. Buzun bai kai inda take sa kai ba, don haka a kan yashi ta yi sujada, ga shi nan manne a goshinta. Matar Alhaji ta miƙo hannu za ta share mata, ta buge hannun ta ce a bar mata abinta. Na ce Alhamdu lillahi, na ƙara cewa Alhamdu lillahi.

Karan nan yana nan a shagona cikin kayan aiki, ita ta ba ni. Duk yaron da ya ce mini rami ne kawai da tayil, shi nake fara ɗauko masa. Da na tashi tafiya ranar, har na kai ƙofa ta kira ni ta ce tana da saƙo zuwa Gazara.

"Ka gaya wa Ilu, in Allah ya kawo lokacina, shi nake so ya haƙa. Na ga aikinsa da idona, ba shi da makusa." Ta gyara mayafinta. "Amma don girman Allah, ranar ya yi shiru."